Zobo yana koɗewa a gora, tankin gas kuma ya daina kamawa

Malama Rabi, Gumel: Assalamu alaikum. Tambaya biyu na kawo daga wata ƙungiyar mata a ƙauye wajen Sule Tankarkar, masu haɗa zobo suna kaiwa kasuwa a gora. Ta farko, zobon yana fita ja wur, amma kwana uku zuwa huɗu sai ya koma ruwan ƙasa, wasu gorunan su kumbura. Yadda suke yi: zoborodo kilo 10 a tukunyar dalma, ruwan rijiya jarka shida mai lita 25, a tafasa awa guda da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari, ya kwana ya huce, da safe a ɗura. Ta biyu, suna da tankin bayogas mai kubik mita 6 da ke aiki lafiya lau da kashin shanu, sai suka fara zuba masa tukar zoborodon da ragowar zobon da ya yi kwantai. Yau mako biyu wuta ba ta kamawa. Iska na fita, amma ko ashana aka kai kashe ta take yi.

Hajiya Uwani: Wa alaikumus salam. Rabi, kafin masu boko su shigo, tambaye su abu ɗaya. Suna jefa kanwa?

Malama Rabi, Gumel: Na kira shugabarsu. Ta ce eh, 'yar kaɗan, don ta kashe tsami a rage sukari.

Hajiya Uwani: To ga rabin ciwon nan. Kanwa da zobon sayarwa ba sa shiri. A kofi ma za ki gani: ɗiga ruwan kanwa a jan zobo, nan take zai juya shuɗi-shuɗi, in kin ƙara ya yi duhu kamar ruwan kwata.

Dakta Nasiru: Hajiya ta riga mu. Jan da ke cikin zoborodo sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma iri biyu ne suka fi yawa a cikinsa: delfinidin-3-sambubiyosaid da sayanidin-3-sambubiyosaid. Su ne kalar, su ne kuma kaso babba na antioksidan ɗin da ake yabon zobo da shi, wato sinadaran da ke tare ɓarnar da oksijin ke yi. Kalarsu tana bin tsamin ruwa. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, daga 1 zuwa 3 ja ne sosai, kuma a nan suka fi daɗewa. Wajen 4 zuwa 5 sai su dusashe, daga 6 zuwa sama su koma shuɗi, daga nan su rushe gaba ɗaya, ba sa dawowa. Zobo da kansa yana zama wajen 2.5 zuwa 3, shi ya sa yake da kyau in an bar shi yadda Allah ya yi shi.

Abin da ya fi kalar damuna shi ne lafiya. Wannan tsamin shi ke hana yawancin bakteriya masu cutarwa girma. In kanwa ta ɗaga pH ya haye 4.6 a cikin gora rufaffiya, an buɗe wa masu haɗari ƙofa. Su daina kanwar yau ɗin nan. In tsami ya yi yawa a ƙara ruwa, kilo 1 ga lita 20 maimakon 15.

Saura abu uku a tsarin nasu. Tafasa awa guda ya yi yawa, zafi yana cinye antosayanin kuma ɓarnar tana ƙaruwa da tsawon lokaci. Tukunyar dalma ruwa mai tsami yana cin ta, abin da ya narke ya haɗu da kalar ya canja ta. Ta baƙin ƙarfe ta fi muni, baƙi take mayar da shi. Sai kwanan da yake yi a buɗe da sukari a ciki, nan yis yake shiga, shi ne mai kumbura gora.

Malam Ɗanjuma, ɗakin gwaji: A ƙara da ruwan rijiyar. Wasu rijiyoyin suna da zartsi, wasu suna da ƙarfe, za ka ga jan tabo a bokiti. Duka biyun suna taɓa kala. Gwaji mai sauƙi: a jiƙa zoborodo giram 10 a kofi biyu, ɗaya da ruwan rijiyar, ɗaya da ruwan leda, a ajiye kwana biyu a inuwa a kwatanta.

Shamsu: Dakta, ni na karanta cewa jiƙawa a ruwan sanyi ta fi komai adana sinadaran. Me zai hana su bar wuta gaba ɗaya, su huta da itace?

Dakta Nasiru: A ɗakin gwaji haka ne, Shamsu. Jiƙon sanyi yana ba da kala mai kyau, sai dai yana ɗaukar awoyi, kuma bai kashe komai ba. Zoborodon da aka shanya a ƙasa, awaki suka ratsa, ƙura ta hau, ba abin da za a jiƙa a ɗura wa mutane ba ne. Tsaka-tsaki ake bi.

A tsince zoborodon, a ɗauraye shi sau ɗaya da sauri, kada a bar shi ya jiƙa don kalar tana bin ruwan. Citta da kanumfari da ɓawon abarba a dafa su daban a ruwa kaɗan minti 20, su ba sa tsoron wuta. Babban ruwan a tafasa shi shi kaɗai, a sauke, a bar shi ya sauko wajen digiri 70, sannan a zuba zoborodon a rufe minti 30. Tukunyar silba ta stainless, ba dalma ba, ko a juye ruwan a robar da aka yi don abinci. A tace da ƙyalle mai tsabta, a haɗa da ruwan kayan ƙamshin, a sa sukari giram 100 zuwa 120 a kowace lita. Daga nan a mayar wuta ya kai digiri 85, a riƙe shi minti 2 zuwa 3, a ɗura da zafinsa a kwalabar da aka wanke aka ɗumama, a rufe, a kwantar da kwalbar minti 3 don zafin ya taɓa murfi, sannan a sanyaya da ruwa mai ɗumi kafin mai sanyi don kada ta fashe. Ajiya a duhu. Ma'aunin zafi na kicin shi ne kayan aikin da ba makawa sai sun saya.

Hajiya Uwani: Dakta, ranka ya daɗe, wa ke ɗura zobo a kwalba a kasuwar ƙauye? Gorar roba ce, kuma in ka zuba mata ruwa mai digiri 85 murɗewa take yi.

Dakta Nasiru: Gaskiya ne Hajiya, gorar ruwa ta roba tana fara lanƙwashewa tun wajen digiri 65 zuwa 70. In ita ce, a sanyaya zobon da sauri a rufe, tukunya cikin bahon ruwa, a ɗura a ranar, a sa a ƙanƙara, a sayar cikin kwana biyu zuwa uku. Kuma gorar ta zama sabuwa. Wadda yara suka tsinto a tasha ko wajen biki, ko an wanke da omo, ba na sa hannu a kanta.

Alhaji Garba, Maigatari: Masu kanti a Kano suna sayar da wani farin gari na hana lalacewa. Ba zai yi musu ba?

Malam Ɗanjuma, ɗakin gwaji: Sodiyam benzuwet ne, Alhaji. Yana aiki ne kawai a abu mai tsami, ƙasa da pH 4.5, don haka in an sa kanwa an kashe shi shi ma. Iyakar da ake bi a lemon sha miligiram 250 ce a kilo, wato kwatan giram a lita. A lita 150 ɗin nan nasu bai kai giram 38 ba. Matsalar ita ce da cokali ake aunawa a gida, sai a ninka sau uku ba a sani ba. Ban da haka, kada a haɗa shi da garin bitamin C. Su biyun in suka zauna a zafi da hasken rana suna iya haifar da benzin, wanda yake jawo sankara. Duk wanda zai kai matakin sa wannan, to ya kai matakin sayen sikeli mai auna giram da neman rajistar NAFDAC.

Shamsu: Ashe bitamin C ba ya ƙara ƙarfin antioksidan ɗin?

Dakta Nasiru: A takardar sakamako yana ƙarawa. A cikin gora kuwa yana hanzarta rushewar antosayanin, an daɗe da sanin wannan a ruwan 'ya'yan itace masu ja. Biyu masu kyau ne da ba sa zama ɗaki ɗaya.

Injiniya Lawan, Ringim: Ku ba ni wuri in taɓa tankin kafin dare ya yi. Malama, iskar da ke fita tana kashe wuta yawancinta kabon dayoksaid ce, metan ɗin, wato iskar da ke kama wuta, ya yi ƙasa. Bayogas mai lafiya metan ɗinsa kashi 55 zuwa 65 ne cikin ɗari. In ya faɗi ƙasa da kusan 45 ba ya kamawa da kyau. Tankin ya yi tsami.

Ƙungiya biyu ta ƙananan ƙwayoyin halitta ke aiki a cikin tankin. Ta farko tana narka abinci ta mayar da shi asid, tana da sauri, cikin awoyi take ninkuwa. Ta biyu tana cin asid ɗin ta fitar da metan, ita kuma kwanaki take ɗauka kafin ta ninku, kuma tana son pH 6.8 zuwa 7.4. In ya sauka ƙasa da 6.5 sai ta fara ja da baya, asid ya ƙara taruwa, abin ya yi ta cin kansa. Tankin nan tumbin saniya ne: wadda ta saba da harawa in ta ɓarke buhun hatsi ta ƙoshi, kowa ya san yadda take kwana.

Shamsu: Injiniya, ba sinadaran fenol ɗin zoborodon, dangin su antosayanin, ne suka kashe ƙwayoyin ba? Akwai bincike da yawa a kan cewa tanin, ɗaya daga cikinsu, yana hana ƙwayoyin aiki.

Injiniya Lawan, Ringim: Tanin yana hanawa, ba musu. Da ruwan bagaruwa na majema aka zuba, da na ce shi ne. Haka ɓawon lemo, man da ke jikinsa, limonin, yana danne su. Amma tukar da aka tafasa awa guda aka tace, yawancin fenol ɗinta ya tafi cikin zobon. Ni abin da nake zargi shi ne ragowar zobo mai sukari. Lita 20 mai giram 120 a lita, sukari kilo 2.4 ke nan a zuba ɗaya, ga shi da tsaminsa tun daga waje.

Dakta Nasiru: Ban yarda a wanke tukar gaba ɗaya ba, Injiniya. Jiƙo ɗaya ba ya kwashe komai, shi ya sa Hajiya za ta gaya maka ana yin na biyu ya fito da kala. Akwai fenol da ke manne da ɓawon, kuma tukar tana riƙe da ruwa mai pH 3. Kanumfarin da ke ciki ma yujinol ɗinsa mai kashe ƙwayoyi ne.

Injiniya Lawan, Ringim: Na karɓi maganar tsamin tukar. Ta kanumfari kuwa, giram nawa ne a cikin lita kusan 4,800 na ruwan tankin? Amma ba sai mun yi ta ja ba, gwaji zai raba mu. Shamsu, ga aikinka in kana neman abin rubutawa. Gorar lita 1.5 guda goma sha biyar, kowacce a sa mata lita 1 na ruwan da ke fita daga tanki mai lafiya. Uku a bar su haka. Uku a ƙara kashin shanu zalla. Uku kashin shanu da kashi 10 na tuka, uku da kashi 20, uku na ƙarshe da kashi 20 na tukar da aka daidaita tsaminta ya kai 7. A huda murfi a sa siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, a liƙe, a kai bakinsa cikin gorar da aka kife a ruwa. Ruwan ya zama mai gishiri sosai, don ruwan banza yana shanye kabon dayoksaid ya rage maka lissafi. A karanta kullum a lokaci ɗaya har kwana 30. In waɗanda aka daidaita sun yi daidai da na kashin shanu zalla, tsami ne. In sun kasa duk da haka, Dakta ya ci.

Malama Rabi, Gumel: To kafin a gama binciken, me zan ce wa matan gobe?

Injiniya Lawan, Ringim: Su tsayar da zuba komai, har kashin shanun. A ɗebo ruwa daga bakin fitarwa a sa takardar pH. In ya nuna 6.5 zuwa sama, hutun mako ɗaya zuwa biyu kawai zai iya tashe shi. In ya yi ƙasa da haka, a ɗebi lita 1 a bokiti, a riƙa zuba bekin soda, irin ta yin kek, giram ɗaya-ɗaya ana juyawa har ya kai 7, sai a ninka da yawan ruwan tankin. Misali in giram 2 ya ci, a lita 4,800 kilo 9.6 ke nan. Kada a zuba lokaci ɗaya, zai yi kumfa ya toshe bututu; a narka a raba kwana uku ko huɗu. Nan kam kanwar da Hajiya ta kora daga tukunya tana da amfani, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dutse zuwa dutse, dole a yi mata gwajin bokitin. Farar ƙasa ina gudunta a hannun wanda bai saba ba, tana wuce gona da iri ta kai pH sama da 8.

Bayan nan a kawo iri: jarka takwas zuwa goma na ruwan wani tanki mai aiki, ko abin cikin tumbin shanu daga mahauta, da ɗuminsa. A riƙa sakin iskar da ta taru a fili, nesa da wuta. In ta fara kamawa da shuɗiyar wuta, a dawo da ciyarwa da kwata: tanki irin wannan cikakken abincinsa wajen kilo 50 na ɗanyen kashin shanu ne da lita 50 na ruwa a rana, wanda zai zauna kusan kwana 48 a ciki, ya ba da iska lita 1,700 zuwa 2,000. A fara da kilo 12, a ƙara duk mako. Sai ya yi wata guda lafiya sannan tuka ta dawo, kilo 3 zuwa 5 a rana, a yayyanka, a dama ta cikin kashin shanun. Zobo mai sukari kada ya wuce lita 2 a rana. Sauran tukar a kai ramin taki.

Gargaɗi: ba a gwada wuta a bakin bututu, sai a kan murhu. Metan in ya gauraya da iska kashi 5 zuwa 15 fashewa yake yi. Kuma ba mai shiga tanki don ya duba, iskar ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu.

Malam Ɗanjuma, ɗakin gwaji: Ga hanyar sanin metan ba tare da na'ura ba. Sirinji mai mil 60, a ja iska mil 40, a ja ruwan sodar sabulu mil 10, a toshe baki da murfinsa a girgiza. Sodar za ta shanye kabon dayoksaid, sandar ta shige ciki. In iskar da ta rage mil 24 ce, metan kusan kashi 60 ke nan. A sa safar hannu, sodar tana ƙuna.

Alhaji Garba, Maigatari: Kuma ga hunturu ya kusa. An ce yana rage gas.

Injiniya Lawan, Ringim: Sosai, Alhaji. Sun fi son digiri 30 zuwa 38, kuma sauyin kwatsam ya fi sanyin kansa cutar da su. Daga Disamba zuwa Janairu a dama abincin da rana da ruwan da ya sha hantsi, a lulluɓe saman tankin da kara ko buntu, a rage ciyarwa maimakon a ƙara. Yawancin mutane in sun ga gas ya ragu sai su ninka abinci, su ƙarasa shi. A kuma duba tarkon ruwa a wurin da bututu ya fi gangarowa, raɓa tana taruwa ta toshe hanya, wuta ta riƙa tsalle. Kashin da aka kwaso daga turke a bar yashinsa ya kwanta a wurin damawa kafin a buɗe, in ba haka ba shekara biyu tankin ya cika da ƙasa.

Shamsu: Malam Ɗanjuma, in zan auna abin da ya rage a tukar fa? DPPH zan yi, wato gwajin ƙarfin antioksidan.

Malam Ɗanjuma, ɗakin gwaji: Yi, amma ka san tarkonsa. Ana karanta DPPH a nanomita 517, antosayanin kuma yana shan haske a wajen 520, kusan wuri ɗaya. In ba ka yi kwalbar samfur da metanol zalla ka cire karatunta ba, sakamakonka zai fito ƙasa da gaskiya. Haɗin: miligiram 3.9 a mil 100 na metanol, sabo a ranar, minti 30 a duhu. Gwajin Folin na auna fenol kuma, da ake karantawa a 765, ba fenol kaɗai yake gani ba, bitamin C da wasu nau'in sukari suna kumbura shi, don haka kada ka kwatanta zobo mai sukari da maras sukari ka ce wani ya fi.

Kalar kanta hanyar bambancin pH ce ta fi: samfur ɗaya a pH 1.0, ɗaya a 4.5, kowanne a karanta a 520 da 700. Ka cire na 700 daga na 520 a kowanne, ka cire na 4.5 daga na 1.0, ka ninka da 449.2 da adadin sirki da 1,000, ka raba da 26,900. Amsar miligiram ce a lita, a ma'aunin sayanidin-3-gulukosaid, kuma ka rubuta hakan a fili. Na'urar karanta hasken akwai ta a Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse. Samfurin ya tafi a kwalba mai duhu cikin ƙanƙara.

Hajiya Uwani: To duk wannan lissafin, zobon yana maganin hawan jini ko ba ya yi? Don wasu har a takardar gora suke rubutawa.

Dakta Nasiru: Kada su rubuta, Hajiya. Akwai gwajin da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010: mutum 65 masu hawan jini mara tsanani, kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta sauka da kusan 7 a masu shan zobo, da 1 da 'yan kai a sauran. Abu ne na gaske, amma shayi ne ba mai giram 120 na sukari a lita ba, kuma ba ya maye gurbin magani. Mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa in yana shan zobo kullum. Lambobin antioksidan na kwalbar gwaji ma ba sa nuna abin da zai faru a jiki, shi ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sauke jadawalinta na ORAC, wato na ƙarfin antioksidan ɗin abinci, a 2012, bayan 'yan talla sun mayar da shi jari.

Alhaji Garba, Maigatari: Ni dai abin da zan ƙara, kala tana mutuwa tun a gona. Wanda aka shanya a kan tabarma ko tamfol aka kwashe da ya bushe ƙamas, ja ne mai duhu yana sheƙi. Wanda ya yi kwanaki a rana a kan ƙasa, ko aka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, a buhu yake yin fumfuna. Su matsa a hannu kafin su saya: mai kyau yana karyewa, ba ya lanƙwasa. Masu fitarwa waje ba sa karɓar danshin da ya wuce kashi 12.

Malama Rabi, Gumel: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Takardar pH ɗin a ina ake samu, kuma wace iri?

Malam Ɗanjuma, ɗakin gwaji: Shagunan kayan asibiti da na ɗakin gwaji a Kano. Ki sayi mai 1 zuwa 14 don zobon, da mai gajeren zango, wajen 5.5 zuwa 9, don tankin. A zobo jan yana rina takardar, sai ki ɗiga a gefe ɗaya ki karanta inda ruwan ya tsotsa ya wuce kalar. Na tankin ki tace da ƙyalle ki auna nan take, in ya jima a buɗe lambar tana hawa.

Injiniya Lawan, Ringim: In kin auna ki turo mana lambar kafin a sayi sodar, Malama. Ki haɗo da hoton bakin fitarwa, ina son ganin ko akwai ɓawo a sama.